Jirgin hoto a fadamar Argungu, daga hunturu zuwa faɗuwar damina

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Jirgin, ɗan jirgin nan marar matuƙi mai kyamara, ya iso jiya da la'asar a motar Kano. Ƙarami ne, in an naɗe hannuwansa yana zama a tafin hannu, nauyinsa gram 249. Ya zo da rimot, batir uku, farfelun canji da jaka. Rabin kuɗin nawa ne, na tara daga ɗaukar hoton biki da suna. Rabin kuwa Yaya ya ranta mini, ba takarda, ba wa'adi, kuma irin wannan bashin ya fi kowane nauyi a zuciya.

Abin da na sa a gaba shi ne aikin ƙungiyar manoman shinkafa ta su Kawu. Noman rani na cin man injin ban-ruwa sosai, kuma mutum na tsaye a bakin gona ba ya gane inda ruwa bai kai ba sai shinkafa ta yi ja. Daga sama ana ganin fangalin da ya bushe tun da wuri, ana ganin iyaka. Na yi musu alkawarin fara ɗauka bayan dashe, in Allah ya yarda.

A jikin rasit an rubuta garanti shekara ɗaya. Na kira Alhaji mai shagon na tambaye shi, ya ce garanti na nan, kar in ji komai. Hankalina ya kwanta. Zan riƙa rubuta duk abin da ya faru a nan, tashi da sauka.

Laraba, 18 ga Disamba

Ban tashe shi ba tukuna, sai da na gama zagayen gaisuwa. Tun shekarar 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ni ƙarƙashin takardun wani kamfanin safiyo na Birnin Kebbi zan yi aiki, inda na taɓa yi musu hoto. Sun ja mini kunne kan abu biyu: kar in haura mita 120, kar kuma in kusanci filin jirgin sama na Ambursa ko wani wurin jami'an tsaro.

Na je wurin 'yan sanda, na je wurin shugaban 'yan banga. A halin da yankinmu ke ciki, wanda ya ga abu na shawagi bisa kansa ba hoto zai fara tunani ba. Maƙwabtanmu na Zamfara ma a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a jiharsu.

Kawu ya raka ni wurin maigari. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ga abin da zan yi." Ya juya jirgin a hannu, ya daɗe yana duban kyamarar, sannan ya ce, "Ɗana, gona taka ce, gulbi naka ne. Amma abin ga kar shi bi ta bisa gidajen mutane. Akwai mata tsakar gida." Wannan sharaɗin ba ya cikin littafin kamfani, amma shi na sa a kan gaba.

Lahadi, 22 ga Disamba

Faɗuwar farko, a rana ta biyu da fara tashi.

Filin ƙwallo na samu da sassafe, ba kowa. Muddin bayan jirgin na fuskantata, komai daidai: in na tura sandar dama ta rimot zuwa dama, ya tafi dama. Sai na juyo shi ya fuskance ni don in ɗauki kaina. Iska ta ɗan matsa da shi wajen dogon yaron da ke gefen fili, na tura sanda don in janye shi, sai na ga ya ƙara nufar itacen. Na ƙara turawa da ƙarfi, ya shige cikin rassa, ya faɗo a yashi.

Sai daga baya na gane. Jirgi ba ya bin damar mai riƙe da rimot, damar kansa yake bi. In ya fuskance ka, damarka hagunsa ce. Hannu bai san wannan ba sai ya saba, kuma a lokacin firgita hannu ya fi kai sauri. Da na saki sandunan duka biyu, da ya tsaya cak inda yake, domin haka aka ƙera shi. Ƙoƙarin ceto ne ya kayar da shi.

Farfela biyu sun karye, jiki ya ɗan kuje. Na duba takarda: farfela ba ta cikin garanti sam, kayan ƙarewa ce kamar tayar babur.

Asabar, 28 ga Disamba

Kwana biyar ina abu guda: tashi mita uku, zana murabba'i, juyo shi ya fuskance ni, sake zana murabba'in. Batir uku kullum.

Wajen canja farfela na kusa yin kuskure. Iri biyu ce, mai alama da marar alama, domin injina biyu na juyawa ta dama, biyu ta hagu. In aka sa wata a gurbin wata, jirgin kifewa zai yi tun bai bar ƙasa ba. Na kuma sayi 'yar tabarmar roba don tashi da sauka, saboda iskar farfela na tayar da ƙura ta cusa ta cikin injina da mariƙin kyamara, wanda ake kira gimbal. Ƙurar hunturu a nan kamar gari take, ba inda ba ta shiga.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Yau saura ƙiris. Mun je fadama da motar Yaya, ƙasa duk laka, sai na aza jirgin bisa bonet na kunna. Manhajar jirgin da ke wayata ta nuna gargaɗin kamfas da jan rubutu, na share da yatsa. Ban kuma jira muryar da ke cewa an ajiye wurin dawowa ba. Yana hawa ya fara zagaye, da'ira ƙarama, sai babba, sai wadda ta fi ta. Na danna sandar sauka na riƙe har ya dira cikin ciyawa, bai ji ciwo ba.

Laifi biyu na haɗa. Kamfas ɗin jirgi da maganaɗisun ƙasa yake gane arewa, ƙarfen mota kuwa na karkatar da shi, haka daɓen da aka zuba rodi, haka kwanon rufi. In kamfas ya ce nan ne arewa, GPS, mai gane wuri ta taurarin ɗan'adam, ya ce a'a, jirgin ya yi ta gyara kuskuren da babu shi. Na biyu shi ne gaggawa. Yana buƙatar ya kama taurarin ɗan'adam da dama kafin ya san inda yake. In ya tashi bai kama ba, da ya yi sama iya tsayinsa kawai yake riƙewa, iska ta tafi da shi inda ta ga dama, kuma ko ka danna maɓallin koma gida bai san gidan ba. Jiran minti ɗaya ne, na ƙi yi.

Talata, 14 ga Janairu

Garanti ya yi aiki, kuma yau na san ko na mene ne.

Batir ɗaya cikin ukun ya ƙi karɓar caji. Bai faɗi ba, bai jiƙe ba, bai kumbura ba, caji goma sha ɗaya kawai manhaja ta ƙirga masa. Na yi bidiyonsa na tura wa Alhaji, ya ce in ba direba. Cikin kwana huɗu sabo ya iso, kuɗin mota kaɗai na biya. Allah shi saka masa.

Daɗin abin ya sa na zauna da daddare na karanta sharuɗɗan kamfanin daga farko har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tun ranar saye. Takardar Turanci ce mai ƙananan rubutu, amma ma'anarta a fili take. Garanti alkawari ne kan aikin masana'anta. In wani abu ya lalace da kansa kana amfani da shi yadda littafi ya ce, su ke da alhaki: injin da ya tsaya, kyamarar da ta mutu, allon cikin jirgi da ya ƙone ba dalili. Jikin jirgi wata 12. Batir wata 12, da sharaɗin bai kai caji 200 ba.

Sai jerin abin da ba ruwansu, wanda ya fi na farkon tsawo nesa. Karo ko gobarar da ba daga masana'anta ba, har da kuskuren matuƙi. Shigar ruwa. Tashi cikin iska mai ƙarfi, ko ruwan sama, ko guguwar ƙura. Tashi inda wayoyin wuta masu ƙarfi ko dogon ƙarfen sabis ke rikita sigina. Tashi da batir mai rauni ko wanda ya lalace. Sa kayan da ba nasu ba. Buɗe jirgi a wurin mai gyaran da ba su amince da shi ba.

Na ɗora jerin bisa abin da na rubuta a baya. Dogon yaro, kuskuren matuƙi. Bonet ɗin mota, rashin bin littafi. Da jirgin ya farfashe a ɗaya daga cikinsu, ba wanda zai biya ni sisi. A kasuwa in an ce maka da garanti, zuciya na jin kamar an ce ko me ya faru. Ba haka ba ne, kuma ban ga laifin mai ƙerawa a nan ba. Wanda ya sayar maka da babur ba ya biyan ka don ka afka rami.

Asabar, 25 ga Janairu

Iska. A ƙasa ba ta kai ta kaɗa hula ba, shi ya sa na hau mita 90 na bi gulbi kudu maso yamma ina jin daɗin yadda jirgin ke gudu. Ashe iskar hunturu ce ke tura shi, domin daga arewa maso gabas take busowa, kuma can sama ba itace ba gini da zai tare ta. Da batir ya kai kashi 50 na juyo, sai na ga lambar nisa da ƙyar take raguwa, batir kuwa yana zuba kamar an huda shi.

Littafin ya ce jirgin na jure iska har mita 10.7 a daƙiƙa, gudunsa na yau da kullum kuma mita 10 ne a daƙiƙa. Ka ga in iska ta kusa wannan, yana iya tsayawa, amma dawowa ta zama wahala. Na sauko da shi mita 30 inda iskar ta yi sauƙi, na sa shi a giyar gudu, ya iso da kashi 7, yana ƙoƙarin sauka da kansa tun bai ƙaraso tabarma ba. Ƙafafuna sun daɗe suna rawa.

Minti 31 da aka rubuta a kwali a inda ba iska aka auna. Ni abin da nake samu bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Daga yau da iska a fuska zan fita, in dawo tana bayana.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Aikin farko na gaske. Gonaki tara na ɗauka, da yamma na nuna musu a waya ƙarƙashin mangwaro. A gonar Kawu akwai fangali huɗu a kusurwar gabas da launinsu ya bambanta, ƙasar ta ɗan yi tudu, ruwa na lasar gefe ya wuce. Kawu ya ce shekara uku yana zargin iri. Wani dattijo ya riƙe wayar ya ƙi saki, yana nuna wa ɗansa inda iyakarsu ta bi. Wannan ranar ta biya ni wahalar wata biyu.

Shirwa biyu sun bi jirgin, ɗaya ta kawo sura. Sama na yi da shi kai tsaye, domin tsuntsu daga bisa yake kai hari, kuma ba ya hawa a miƙe da sauri irin na jirgi. Sun ƙyale shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jirgin ya faɗa ruwa.

Zan rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla tun ban fara yi wa kaina sassauci ba. Gonar da zan ɗauka tana bayan wani kurmin mangwaro da giginya. Maimakon in zagaya da ƙafa in tsaya inda zan riƙa ganinsa, sai na tsaya a kwari kusa da injin ban-ruwa, na tura shi ta gefen kurmin, na sauko ƙasa-ƙasa don hoton ya fito. Itatuwa suka shiga tsakanina da shi. Hoto ya fara tsinkewa, allo ya yi toka, sigina ta yanke.

In sigina ta yanke na 'yan daƙiƙu, jirgin da kansa yake kama hanyar gida. Yana hawa zuwa tsayin da ka saita masa, sannan ya miƙe ɗoɗar zuwa inda ya tashi. Tun kwanakin filin ƙwallo na saita tsayin a mita 20, ban sake waiwayarsa ba. Giginya kuwa tana kai mita 25, wata ta fi. Irin nawa ba shi da idon ganin gaba ko gefe, na ƙasa kawai gare shi. Ya hau mita 20 ɗinsa, ya miƙe, ya daki giginya, ya faɗo cikin fangali cike da ruwa. Duk abin da ya yi, ni na umarce shi tun wata biyu da suka wuce.

Manhaja ta nuna wurin da aka ji shi na ƙarshe, yaran Kawu suka taya ni lalube, muka tsamo shi cikin laka bayan kusan minti ashirin. Hannu ɗaya ya karye, kyamara na reto a jikin siririyar waya. Abu na farko na zare batir, ban gwada kunnawa ba, domin wuta da ruwa in sun haɗu a allon ciki, ƙarasa shi suke yi. Batirin na ajiye a yashi nesa da ɗaki, ba zan sake sa shi a caji ba. Batirin lithiyam da ya bugu ya kuma sha ruwa yana iya kama wuta.

Kawu ya ce, "Ɗana, tura shi cikin buhun shinkafa shi kwana uku, haka aka yi ma wayata." Na ce, "Kawu, ƙaiƙayi da gari za su cika injinan." Na ɗauraye lakar da ruwa mai tsabta, na ajiye shi a inuwa gaban fanka.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na san amsar, amma na kira.

"Alhaji, jirgin nan ya faɗi."

"Subhanallahi. Da kansa ya faɗo, ko karo ya yi?"

A nan zuciya ta raya mini in ce da kansa, sigina ce ta yanke. Kuma ba ƙarya ce tsantsa ba, ta yanke ɗin. Amma na san abin da ya yanke ta. Ban da tsoron Allah ma, jirgin nan yana rubuta komai. Kowane tashi yana da kundinsa a waya da cikin jirgin: tsayi, gudu, yawan taurarin da ya kama, ƙarfin batir, gargaɗin da aka nuna maka da lokacin da aka nuna, har motsin yatsanka a kan sanda. Duk wanda ya ce wa kamfani laifinsu ne, wannan kundin za su fara nema. In ya nuna inji ya mutu a sama ba dalili, ko batir ya yanke wuta alhali da sauran caji, to faɗuwar ta shiga garanti, ko da jirgin ya yi kaca-kaca. Nawa kuwa na sake kallonsa sau uku a waya: gargaɗin raunin sigina sau biyu, tsayin komawa mita 20. Ba abin musu.

Na gaya masa gaskiya. Ya jajanta, ya ce wannan ba ya ciki. Sannan ya faɗa mini abin da ban sani ba: kayansa daga Dubai yake sarowa, garantin kamfani kuma yana bin yankin da aka fara sayar da kaya ne. Ko da laifin masana'anta ne, can za a mayar da jirgin, a jira makonni. Batirin da ya canja mini daga shagonsa ya ɗauko, shi ya ji da sauran. Wannan tambaya ce da ya kamata mai saye ya yi kafin ya tura kuɗi: in ya lalace, hannun wa zan kai, a wane gari, wa zai biya mota?

Akwai abin da ke biyan karo, amma ba garanti ba ne, wani tsari ne daban mai kama da inshora da ake saye da kuɗi. Kamfanin DJI mai ƙera irin waɗannan jirage, alal misali, yana da wanda ya kira Care Refresh. A tsarin shekara ɗaya suna canja maka jirgi har sau biyu in ya yi karo ko ya sha ruwa, ko da laifinka ne, amma kowane canji sai ka cika wani kuɗi. Ana sayensa cikin awa 48 da fara kunna jirgi, in lokacin ya wuce sai ka tura bidiyon da ke nuna lafiyarsa ƙalau. Kuma a ƙasa ko yankin da aka saye shi kaɗai yake aiki. Masu bidiyon intanet na Amurka da Ingila da ke cewa sun farfasa jirgi an aiko musu sabo, wannan suke nufi. Mu da kayanmu ke biyowa ta hannu uku kafin su iso Kebbi, kada mu ɗauki labarinsu mu aza a kanmu. Ko da ma yana samuwa gare ni, ba a fafe gora ranar tafiya.

Da dare na sami Yaya bayan isha'i. Na ce, "Yaya, na yi ɓarna." Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce, "Wani ya ji ciwo?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah shi kyauta. Mutanen da ka yi ma alkawari fa?" Bai ambaci kuɗinsa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya hana ni barci fiye da faɗa.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi sha biyu. Na aika jirgin Kano wurin wani mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre, wanda abokan sana'a suka yaba. Na san buɗe shi a can na nufin sauran garantin wata tara ya tafi. Na auna: jirgin da ya sha ruwan fadama, ko wata shida nan gaba wani abu ya mutu a cikinsa, tsatsa za a gani a ce ruwa ne. Garantin ya riga ya nutse tare da shi a fangali.

Injiniyan ya kira ni ta bidiyo ya nuna mini ciki. Hannu ɗaya da injinsa, siririyar wayar gimbal, da allon da ke ba injina wuta, su za a canja. Babban allo ya tsira, ya ce don ban kunna shi a jiƙe ba ne. Kuɗin ya kusa kashi ɗaya cikin uku na sabo. Na karɓi aikin hoton ɗinkin salla a wurin teloli biyu don in haɗa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ya dawo bayan salla. Kwana uku na yi a filin ƙwallo ina gwada shi ƙasa-ƙasa kafin in yarda da shi bisa ruwa.

Yanzu zafi ne abokin gaba. Littafi ya ce iyakarsa digiri 40, Argungu kuwa a watan nan tana haura haka da rana. Waya ce ke fara gazawa: ta yi zafi, ta dushe allonta, ka rasa abin da kake gani. Batir kuma ba ya karɓar caji da zafinsa sai ya huce, in an bar shi cikin mota a rana yana kumbura. Ina fita bayan asuba, ƙarfe tara na naɗe.

Na rubuta abu shida a takarda na manna cikin murfin jaka, na farkonsu tsayin koma gida. Kafin kowane tashi ina duban itacen da ya fi tsayi a wurin in ƙara masa da yawa, a fadama mita 50 nake sawa. Bisa ruwa kuma ba na sauka ƙasa da mita biyar, domin idon ƙasan jirgin na ruɗewa da ƙyalli da motsin ruwa, ya ɗauka yana tsaye alhali yana zamewa.

Na kuma buɗe asusu. Kowane aiki, kashi ɗaya cikin biyar na shiga ciki, ba na taɓawa sai don gyara.

Litinin, 28 ga Afrilu

Wani abokin sana'a daga Jega ya zo da nasa a leda. A ɗakin taron biki ya tashe shi da dare, bisa kan mutane. Ya rantse jirgin ne ya haukace, yana so in taya shi rubuta wa kamfani. Muka buɗe kundin tare. Taurari sifili, domin rufi ya tare su. Gargaɗin ƙarancin haske, domin idon ƙasa ba ya gani a duhu da fitilu masu walƙiya. Jirgin ba shi da abin riƙewa, iskar fanka ta tura shi, ya daki labule ya faɗo. Farfela ta yanki wata yarinya a goshi, kusa da ido.

Na ce masa, "Malam, bar zancen kamfani, je ka duba yarinyar." Ba garanti ba, ko tsarin canjin jirgi da ake saye ba ya biyan jinyar wanda ka ji wa ciwo, jirgin kaɗai ya sani. Mu masu hoton biki muna wasa da wannan, amarya da ƙawaye na so a zagaye su ta sama, mu kuma muna jin kunyar cewa a'a. Farfelar nan da ke yanke ganyen dogon yaro, fatar yaro ba komai ba ce a wurinta. Ni na daina tashi bisa taro, ko an ƙara kuɗi.

Talata, 20 ga Mayu

An yi yankan shinkafa. Gonaki 31 na ɗauka cikin 40 da na yi alkawari, taran sun wuce ni lokacin da jirgin ke Kano, na ba masu su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya baje tudun nan na gabas tun watan Fabrairu, ya ce fangalin huɗu sun kamo sauran. Ƙungiya ta biya ni rabi kuɗi, rabi shanshera. Na kai wa Yaya kashi ɗaya cikin uku na bashinsa, ya ƙirga a gabana ya sa aljihu.

Tun dawowar jirgin tashi 64, ba karo ko ɗaya.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ƙanena ya matsa in koya masa, yau muka fara. Filin ƙwallo, mita uku, murabba'i. Kafin in ba shi rimot sai da ya karanta takardar murfin jaka da ƙarfi, ya nuna mini itacen da ya fi tsayi, ya saita tsayin komawa da hannunsa. Da na ce ya juyo jirgin ya fuskance shi, ya tura sanda ta inda bai nufa ba, jirgin ya nufi dogon yaron nan dai. Na ce, "Saki!" Ya saki, jirgin ya tsaya cak, tazarar kamu biyar da rassa.

Muna batir na biyu hadari ya haɗo daga gabas, iskar da ke gabansa ta fara ɗaga ƙura a bakin fili. Na karɓi rimot na saukar da shi da saura kashi 60. Mun kai zaure kenan ruwa ya sauko.